Yadda zaka koyi manhajar zane mai motsi na intanet daga littafi ba tare da ka jefar dashi a babi na uku ba

Akwai wani abu da na daɗe da lura dashi game da masu koyon animeshon daga littafi, nima kuma ina ciki ba wai ware kaina nayi ba, wato mutum zai samu littafin nan mai kauri, ya karanta babi na ɗaya da na biyu yana kwance yana ta gyaɗa kai wai ya gane, ranar da ya buɗe manhajar kuma sai ya rasa ma inda zai danna ya zana da'ira ɗaya tak. Daga nan sai a ɗora wa marubuci laifi ace bai iya bayani ba, littafi ya koma saman kanta yana shan ƙura. Ni sai da nayi haka har sau biyu kafin na gane cewa irin wannan littafin ba'a karanta shi kamar labari, hannu ne yake karanta shi, ido rakiya kawai yake yi. Toh abinda zan shimfiɗa maka anan shine yadda nake ganin ya kamata ka bi littafin daga bango zuwa bango, kuma zan yi misali da Adobe Animate saboda galibin littattafan da zaka ci karo dasu ko dai akansa aka rubuta su ko akan kakansa Flash, amma hanyar ɗaya ce koda Wick Editor kake amfani dashi ko Synfig ko OpenToonz.

Fara da duba shekarar littafin

Kafin ka karanta ko layi ɗaya, juya shafin farko ka duba shekarar da aka buga shi da kuma wane zubin manhajar yake magana akai. Wannan ba ƙaramin abu bane a wannan fannin musamman, domin manhajar ta sha canza suna da kamanni. Asalinta a 1996 sunanta FutureSplash Animator, kamfanin Macromedia ya saye ta a ƙarshen wannan shekarar ya raɗa mata Flash, sai Adobe ya haɗiye Macromedia ɗin kansa a 2005. A 2010 Steve Jobs ya fito ya bayyana dalilansa na ƙin barin Flash ya hau iPhone da iPad, kuma tun daga lokacin abin ya fara ja da baya, a 2016 aka canza wa manhajar zanen suna ta koma Animate, sannan ranar 31 ga Disamba 2020 aka daina tallafa wa Flash Player gaba ɗaya, wato ɗan abin nan da burauza ke buƙata kafin ta kunna fayil ɗin SWF.

Me wannan tarihin zai amfana maka? Kaga idan littafinka na 2007 ne ko 2009, duk inda yace ka fitar da aikinka a SWF ka ɗora a shafin intanet, wannan maganar ta mutu, babu burauzar yau da zata kunna shi kai tsaye. Haka babukan ActionScript, wato yaren kod na Flash, in dai intanet ka nufa, ka tsallake su kawai. Amma kar kace littafin ya zama shara, a'a. Babin zane, babin layin lokaci, babin simbol wato zanen da ake ajiyewa a sake amfani dashi, babin tuwin wato inda manhajar ke cike maka motsin dake tsakanin hoto biyu, duk suna nan daram kusan yadda suke, har yawancin maɓallan kibod ɗin basu canza ba. Ni a ganina ma wasu tsofaffin littattafan sun fi na yanzu haƙurin bayani. Sai dai ka riƙe abu biyu, tsohon Flash yana buɗe sabon fayil ne da firam 12, wato hoto 12, a sakan ɗaya, daga zubin CS4 na 2008 aka koma 24, sannan a wannan zubin dai aka shigo da sabon tuwin na motsi aka maida tsohon sunansa Classic Tween. Saboda haka in littafin da ya girmi 2008 yace maka kayi Motion Tween, wanda yake nufi shine wanda allonka yake kira Classic yanzu. Wannan abu ɗaya ya sa mutane da yawa sun zata kansu ne baya ja.

Ɗauki fensir ka je shafin jerin babuka, ka yi wa kowane babi alama, wanda zaka yi, wanda zaka tsallake, da wanda sai gaba. Minti goma ne amma zai cece ka daga makonni na wahalar banza.

Shirya wurin zama da fayiloli

Littafi a buɗe gefen hagu, kwamfuta a gabanka, ƙaramin littafin rubutu da biro a dama. In littafin na PDF ne kar ka buɗe shi a allon da kake aiki, wannan sauya taga da dawowa yana kashe zuciya, buɗe shi a waya ko tablet. Yawancin irin waɗannan littattafan suna zuwa da fayilolin gwaji, a da cikin faifan CD a bangon baya, yanzu kuma adireshin saukewa ne a gabatarwa, ka sauke su duka tun ranar farko ka ajiye kwafi ɗaya da ba zaka taɓa ba. Sannan ka shiga Window ka nemo Workspaces ka zaɓi tsarin allon da yafi kama da hoton dake littafin, don kar ya zamana marubuci yana cewa duba dama kai kuma naka yana ƙasa. In laftof ce kuma kaga ka danna F6 sauti ne ya ƙaru ko haske ya ragu, haɗa da maɓallin Fn. Masu Mac duk inda nace Ctrl ku karanta Cmd.

Wurare biyar da zaka sani kafin komai

Babin farko na kowane littafi zai zagaya da kai allon yana nuna maka abubuwa kamar talatin, kar ka wahalar da kanka da haddace su. Biyar ne kawai zaka rayu dasu. Akwai dandali, farin filin nan na tsakiya, duk abinda ke kansa shi mai kallo zai gani, abinda ya fita gefensa kuwa ba'a ganinsa. Akwai layin lokaci, mai ƙananan akwatuna a jere, kowane akwati firam ɗaya ne wato hoto ɗaya. Akwai leya, da suke jere a gefen layin lokacin kamar takardun gilashi da aka ɗora kan juna, ta sama tana rufe ta ƙasa. Akwai laburare inda ake ajiye kayan da zaka sake amfani dasu, Ctrl da L ke buɗe shi. Sai kuma allon Properties wanda yake canza fuska gwargwadon abinda ka danna, in ka danna firam ya nuna maka bayanin firam, in ka danna zane ya nuna na zane, kuma rabin lokutan da zaka ce abinda littafi ya nuna babu shi a allonka, dalilin shine ba abinda ya kamata ka danna ka danna ba.

Wani abu da zai baka mamaki a babin zane, in ka zana da'ira akan wata a leya ɗaya, sai ka ja ta sama, zaka ga ta gutsure ta ƙasan ta bar rami. Ba lalacewa manhajar tayi ba, haka aka gina ta tun asali, in baka so sai ka kunna Object Drawing da maɓallin J yayin da kake riƙe da abin zanen. Haka kuma layin gefen da'ira daban yake da kalar cikinta, danna sau ɗaya ciki kawai zaka ɗauka ka bar zoben a baya, sai ka danna sau biyu zaka kwashe su tare.

Yi kowane darasi sau uku

Nan ne fa ainihin hanyar take. Zagaye na farko ka bi littafin sau da ƙafa, in yace faɗi 550 tsawo 400 ka sa hakan, in yace kala ja ka sa ja, kar ka nuna gwaninta tukuna, domin in abu ya ɓaci kana so ka san daga ina ne, in ka riga ka canza abu biyar ba zaka taɓa ganowa ba. Zagaye na biyu ka rufe littafin ruf, ka buɗe sabon fayil ka sake yi daga ka, inda ka maƙale ka ɗan daure minti biyu kana lalube kafin ka leƙa, sannan ka rubuta wurin da ka maƙale ɗin a littafin rubutunka da kalmominka. Zagaye na uku ka yi abu naka da dabarar, in littafi ya motsa mota kai ka motsa girgije ko kifi. Mutane suna gudun zagaye na biyu saboda shi ke tona asirin cewa basu iya ba, alhali shi kaɗai ne yake sa abin ya zauna a hannu. Gara kayi babi ɗaya a mako da wannan hanyar akan ka share babi biyar a kwana biyu ka fito fanko.

Ƙwallo mai tsalle

Duk littafin da ya san abinda yake yi zai kawo ka kan ƙwallo mai tsalle, in naka bai kawo ba ka yi shi da kanka, kuma anan nake so ka daɗe sosai don kusan duk sirrin sana'ar yana cikinsa. Buɗe sabon fayil ka zaɓi nau'in HTML5 Canvas, wannan zaɓin yana da muhimmanci tun daga farko saboda shi zai baka abinda burauza ke ganewa, ka bar gudun a firam 24. Danna O ka ɗauki abin zana da'ira, riƙe Shift ka ja don ta fito zagayayya sosai, ka sa ta can saman dandali. Danna V, zaɓe ta gaba ɗaya, danna F8 ka maida ta simbol, nau'in Graphic, ka sa mata suna ƙwallo. Ƙara sabuwar leya ka zana layi ɗaya a ƙasa ya zama shine ƙasar, ka je firam na 25 na wannan leyar ka danna F5 don layin ya kai har can, sannan ka kulle leyar.

Bari in tsaya anan kan maɓallan nan uku don su ne ke rikita kowa. F5 tsawaita hoton da ke nan yake yi, babu sabon abu. F6 yana yin kifiram, wato firam ɗin da kake da ikon canza wani abu a cikinsa, kuma yana kwafo abinda ke baya ya ajiye maka. F7 shima kifiram ne amma fanko. In ka motsa abu a firam na 10 sai kaga ya motsa tun daga firam na 1, toh baka sa kifiram a 10 ɗin bane, ka gyara hoton da aka tsawaita ne kawai.

Koma leyar ƙwallo, danna F6 a firam na 13, ka sake dannawa a na 25. Yanzu kana da kifiram uku duk ƙwallon yana sama. Je na 13 ka ja shi ƙasa kana riƙe da Shift har ya taɓa layin. Danna dama akan kowane firam tsakanin 1 da 13 ka zaɓi Create Classic Tween, haka ma tsakanin 13 da 25. Ya kamata kaga kibiya miƙaƙƙiya a layin lokacin, in ɗigo-ɗigo ka gani a maimakon kibiya toh tuwin ɗin ya karye, galibi saboda babu kifiram a ƙarshe. Kuma ka riƙe doka ɗaya, simbol ɗaya a leya ɗaya in zaka yi wannan tuwin ɗin, in ka manta baka maida zanen simbol ba manhajar zata yi maka da kanta ta cika maka laburare da wasu abubuwa masu suna Tween 1, Tween 2, wanda bayan wata ɗaya ba zaka san ko menene ba.

Danna Enter ka kalla. Yana motsi, amma wallahi ba kamar ƙwallo ba, kamar lifta yake hawa da sauka, gudu ɗaya daga farko har ƙarshe. Dalili kuwa abin da yake faɗowa baya tafiya da gudu ɗaya, ƙaruwa yake yi, tun zamanin Galileo aka san cewa in ya ci taku 1 a lokaci na farko, zai ci 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. Don ka gani da idonka kunna bawon albasa, wato ɗan maɓallin nan dake nuna maka inuwar firam ɗin baya da na gaba a dishi-dishi, zaka ga duk da'irorin tazararsu ɗaya. Yanzu danna firam na 1, je Properties wurin Ease ka sa -100, ma'ana ya fara a hankali ya ƙara wuta. Danna firam na 13 ka sa 100, ma'ana ya tashi da ƙarfi yana lafawa yayin da yake kaiwa sama. Sake duba bawon albasar, da'irorin sun cunkushe a sama sun warwatsu a ƙasa. Wannan tazarar ita ce nauyi, babu wani maɓallin nauyi a manhajar, ido ne yake karanta tazara ya yanke hukunci cewa abin nan mai nauyi ne ko mara nauyi.

Saura lotsewa. Sa F6 a firam na 12 da na 14, ka dawo na 13 ka danna Q, ka lotsa ƙwallon daga sama ya ɗan baje ta gefe, ka tabbata gindinsa yana kan layin bai nutse ba bai kuma tashi ba. Abin lura shine girmansa kar ya canza, in ka rage tsawo dole ka ƙara faɗi, in ba haka ba zai zama kamar ya ƙanƙance ne. A 12 da 14 ka ɗan miƙar dashi ta tsawo kaɗan. Wannan lotsewa da miƙewar ita ce ta farko a cikin ƙa'idoji 12 da Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin masu zanen Disney, suka tattara a 1981, kuma har yau su ake koyarwa ko da wace manhaja mutum yake aiki.

Abu na ƙarshe wanda littattafai da yawa basa faɗa, in ka danna Ctrl da Enter yana ta maimaitawa zaka ji kamar yana ɗan tsayawa a sama. Saboda firam na 25 da na 1 hoto ɗaya ne, ana nuna shi sau biyu a jere. Sa F6 a firam na 24, ka zaɓi na 25 a duka leyoyin ka danna Shift da F5 ka cire shi. Yanzu firam 24 ne cif, sakan ɗaya, kuma zagayen ya haɗe babu tangarɗa.

Zagaye na uku anan kar ka yi wasa dashi. Yi ƙwallon ƙarfe, wanda baya lotsewa ko kaɗan kuma tsallensa na biyu gajere ne ƙwarai. Yi balan-balan, mai saukowa a firam 60 ko fi. Yi ƙwallon da yake tsalle yana tafiya gefe kowane tsalle ya fi na baya gajarta har ya tsaya. Da'ira ɗaya ce duka, lokaci da tazara kawai ka canza, ka nuna wa wani ba tare da ka gaya masa ba kaga ko zai iya faɗa maka wanne ne ƙarfe.

Simbol da abinda ke cikin cikinsa

Babin simbol ne inda na ga mutane sun fi ajiye littafi. Abin da sauƙi in ka kalle shi haka, simbol asali ne guda ɗaya a laburare, duk wanda ka jawo kan dandali wakilinsa ne, ka gyara asalin duk wakilan su canza, shiyasa bishiya hamsin basa ƙara wa fayil nauyi sosai in daga simbol ɗaya suke. Kuma kowane simbol yana da nasa layin lokacin a cikinsa, in ka danna shi sau biyu ka shige ciki kenan, ka riƙa duba sama da dandali inda aka rubuta Scene 1 da sunan simbol ɗin don ka san a ina kake, don ni na taɓa gina rabin aiki a cikin cikin taya ban sani ba. Misalin da zai zaunar maka da abin shine mota, juyawar taya a cikin simbol ɗin taya take, tafiyar motar kuma a babban layin lokaci.

Nau'i uku ne. Graphic yana tafiya tare da babban layin lokaci, kana jan kan layin kana ganin motsinsa. Movie Clip gashin kansa yake ci, yana ta juyawa koda babban layin firam ɗaya ne, amma ba zaka ga motsinsa a dandali ba in ka danna Enter, sai ka gwada da Ctrl da Enter, kar ka zata ya lalace. Button kuma firam huɗu gareshi, Up, Over, Down da Hit, na ƙarshen ba'a ganinsa, shine yake iyakance wurin da dannawa zata kama. Ka tuna a waya babu linzami, saboda haka kar ka ɓoye wani muhimmin abu a Over, wanda sai linzami ya hau kansa yake bayyana.

Tuwin na siffa, wanda da'ira ke rikiɗa ta koma murabba'i, kishiyar na baya ne, shi baya aiki da simbol sai ɗanyen zane, in simbol ne sai ka fasa shi da Ctrl da B, rubutu kuma sau biyu ake fasa shi. Yi darasin ka wuce, ba kullum zaka buƙace shi ba.

Ɗan kod kaɗan

Kar gabanka ya faɗi, layi ɗaya zaka fara dashi. Yi sabuwar leya ta musamman don kod, sa F7 a firam na ƙarshe, danna F9 ka rubuta this.stop(), shikenan motsin zai tsaya a nan maimakon ya koma farko. Tsohon littafi zai ce ka rubuta stop() kawai, wannan na ActionScript ne, a fayil ɗin Canvas kuwa JavaScript ake rubutawa kuma sai da this ɗin a gaba. Wani tarkon kuma, a Canvas ƙidayar firam a cikin kod daga 0 take farawa ba daga 1 ba, wanda kake gani a matsayin firam na 10 a layin lokaci, a kod 9 ne, hanyar kauce wa wannan ita ce ka riƙa sa wa firam suna ka kira shi da sunan. Akwai allon Code Snippets mai ɗauke da guntayen kod da aka riga aka rubuta, yi amfani dashi amma ka karanta abinda ya zuba maka layi-layi.

Fitar da aikin ya hau intanet

Fayil ɗin FLA naka ne na aiki, ba shi ake ɗorawa ba. In ka shiga File ka danna Publish zaka samu fayil ɗin HTML ɗaya, na JS ɗaya, da folda ta hotuna in ka saka hotuna, kuma dole su tafi tare a yadda suke, ka raba su ka samu farin shafi. Shafin yana dogara da wani tarin kod mai suna CreateJS wanda a tsarin farko daga intanet yake jawo shi, saboda haka in ka gwada babu intanet kaga babu komai, ga dalilin nan. A Publish Settings akwai wurin sa aikin ya riƙa daidaita kansa da girman allo, kunna shi, sannan ka gwada a waya ta gaske ba a kwamfutarka kaɗai ba. In shafi ya fito fari, danna F12 a burauza ka duba Console, jan rubutun dake wurin zai gaya maka layin da ya samu matsala, sashen Network kuma zai nuna maka nauyin kowane fayil da wanda ya ƙi zuwa.

Nauyi kuwa kusan kullum hotuna ne ke kawo shi, hoton kyamara ɗaya da ka jefa ciki baka rage shi ba zai iya fin duk zanenka nauyi, ka rage shi zuwa girman da zai bayyana kafin ka shigo dashi. In kana son GIF ka sani kala 256 ne iyakarsa a kowane firam kuma babu sauti, ya dace da gajeren abu mai sauƙin kala, dogon abu kuwa bidiyo ya fi. Sauti ma ka sani yawancin burauzoji basa barinsa ya tashi da kansa sai mai kallo ya danna wani abu tukuna. Sannan kar ka yi abu mai walƙiya fiye da sau 3 a sakan ɗaya, wannan yana cikin ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafuka ga kowa, don irin wannan walƙiyar tana iya tayar wa masu farfaɗiya ciwonsu.

In allonka da littafi sun saɓa

Zai faru, ba sau ɗaya ba. Kafin ka zargi littafi duba abu huɗu, shin leyar a kulle take, shin kan layin lokacin yana kan firam ɗin da ya dace, shin kana cikin simbol ne ko a waje, sannan me ka zaɓa. In duk lafiya, toh wataƙila an matsar da abin ne a sabon zubi, hatta kalolin tuwin a layin lokaci an canza su, tsohon littafi zai ce maka zaka ga kore ko shuɗi kai kuma kaga wata kala daban, ba komai. Nemi sunan abin a shafin taimako na manhajar, in ka samo ka rubuta sabon wurin da fensir a gefen shafin littafin. Kuma ka riƙa ajiye aiki da lamba, ƙwallo_01, ƙwallo_02, duk lokacin da zaka gwada wani babban canji, ni sai da fayil ɗin kwana uku ya ƙi buɗuwa sannan na koyi wannan.

Da ka kai tsakiyar littafin ka tsayar da karatun ka yi aiki ɗaya naka daga farko har ƙarshe, ƙarami, sakan 10 zuwa 15, misali tallar nan mai girman 300 da 250 ko doguwar mai 728 da 90 da ake gani a shafuka. Zana shi a takarda tukuna cikin akwatuna shida, ka rubuta a ƙarƙashin kowane akwati daga firam nawa zuwa nawa, sakan 10 firam 240 kenan, sannan ka buɗe manhajar. Duk inda ka maƙale ka je fihirisar bayan littafin ka nemo shafin, daga wannan lokacin haka zaka riƙa amfani da sauran babukan, irinsu abin rufe fuska na leya, ƙashin haɗa gaɓoɓi da kyamara, kowanne sai ranar da aikinka ya neme shi. In kuma daga baya ka koma yin motsi da CSS, yaren tsara kamannin shafin intanet, zaka tarar da kalmar keyframes tana jiranka a can da ease-in da ease-out, haka a GSAP, wani tarin kod na motsa abubuwa a shafi, haka in kana fitar da fayil ɗin motsi na Lottie daga manhajar After Effects, sai ka fara da sake yin ƙwallon nan a sabon wurin, kifiram uku, faɗowa da ƙara wuta, tashi da lafawa, ka ajiye shi gefe da na farkon ka kunna su tare.